Inusa Mai Faci da Gaisuwar Hanyar Tsauni

Inusa Sallau shekararsa arba'in da takwas. Mai faci ne a bakin tashar Matameye, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, kuma sau huɗu yana shiga gudun fanfalaki, wanda 'yan lakwal, wato ɗalibai, ke kira maraton, yana kai shi ƙarshe. Kilomita arba'in da biyu ne da 'yar ɗoriya. Direbobin da ke kawo masa taya sun fi gane abin in an ce musu kusan rabin hanyar Damagaram ke nan, a ƙafa, ba hutu. In an faɗa musu haka sukan dubi ƙafafunsa, waɗanda ba su da wani abin kallo, sirara ne kamar na kowa.

Ba da niyya ya fara ba. A shekarun baya, in an gama kaka, yakan tafi cin rani Legas kamar sauran mazan unguwarsu, ya kafa injin iska a gefen wani babban titi. Wata safiya ya fito ya tarar babu mota ko ɗaya, 'yan sanda sun tare hanya. Yana tsaye yana mamaki sai ga mutane sun taho a guje, titi ya cika daga wannan gefe zuwa wancan.

"A garinmu in ka ga babba yana gudu, ba ka tsayar da shi ka tambaya," in ji Inusa. "Bin sa kake yi, in kun tsira ka tambaya."

Ya bar kayan aiki a nan, ya shiga cikinsu da silifas, yana gudu yana salati, yana waiwaye ko zai hango abin da ya koro su. Ya yi nisa sosai kafin wata mata ta miƙo masa ruwa a kofi tana tafa masa. Sai a lokacin ya lura kowa da lamba a ƙirji ban da shi, kuma mutanen gefen hanya kiɗa suke yi. Ya tsaya yana haki. Wani tsoho mai furfura ya zo ya wuce shi, yana murmushi.

"Tsohon nan ya girme ni nesa ba kusa ba, amma numfashinsa ko sauyawa bai yi ba. Na koma wurin aiki, har yamma shi nake gani."

Da ya dawo gida farkon damina, sai ya fara fita bayan sallar asuba. Ranar farko wasu mata masu kai nono kasuwa suka sauka daga hanya suka shiga gona. Wani mai kabu-kabu ya tsaya a gabansa ya ce, "Hau in kai ka, wa ya rasu?" Abokinsa Sa'adu, ɗan kamasho a tasha, har yau in ya gan shi sai ya ce, "Mai faci, yau ma ba su kama ka ba?" Inusa yakan ce, "Kai da ba ka iya bin mota daga nan zuwa bakin ƙofa, wa zai aike ka kamu?"

Matarsa Mas'uda ta ce ita da farko ta zaci abin na 'yan kwanaki ne. "Maigida yakan ɗauki abu ya ajiye. Ya taɓa kiwon tattabaru. Na ce wannan ma zai wuce. Sai na ga farcen ƙafa ya yi baƙi ya faɗi, wani ya fito, shi ma ya faɗi, mutum bai daina ba."

Babu wanda ya koya masa. Da jikinsa ya gano cewa in ya sha fura kafin fita cikinsa zai ɗaure, in ya sha kunu kaɗan zai kai shi nesa. Ya gano cewa wanda ya fara da ƙarfi shi ne ke tafiya da ƙafa a ƙarshe. Takalmin kambas yake saye a gwanjo ranar kasuwa, in ƙasan ya cinye ya yanko tsohuwar taya ya liƙa da gam ɗin faci. Da damina yakan yi gudu sannan ya ɗauki hauya. Da azumi yakan rage, ya fita gab da shan ruwa. Wandonsa kullum yana sauka ƙasa da gwiwa, don ya ce gudu bai ɗauke wa mutum sutura ba.

Wahalar ita ce hanya. Kan kwalta manyan motoci ba sa raga wa mai ƙafa. Sauran hanyoyin rairayi ne mai haɗiye ƙafa har idon sawu. Wadda ta yi masa daidai ita ce hanyar Tsauni, ƙasarta da tauri, ga inuwar gawo nan da can. A kan wannan hanyar kuma, a wani ƙauye, akwai ƙofar gidan Malam Cha'ibu, mahaifin Mas'uda. Tsohon ya haura tamanin, kuma tun da gari ya waye yana kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, yana fuskantar hanya.

A wannan ƙasa mutum ba ya wuce surukinsa. Tun daga nesa zai cire takalmi, ya zo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, a yi gaisuwa har ta ƙare, kuma babba ne ke sanin inda take ƙarewa. Inusa ya san haka tun kafin ya yi aure. Amma wata safiya, gudu ya yi masa daɗi, ƙafa ta sake, ya zo daidai dogon yaron sai ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ina kwana," ya wuce.

Malam Cha'ibu bai amsa ba. Da yamma ya aika wa 'yarsa cewa mutumin da ya ɗaga masa hannu kamar jandarma, da takalmi a ƙafa, kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Da Sallah aka kai masa goro da turmin shadda, ya mayar. Mas'uda ta je ta dawo tana kuka, don ya ce mata ita ƙofa a buɗe take gare ta da 'ya'yanta, amma kada ta ambaci mijin. Sai da limamin unguwa da wasu dattawa biyu suka raka Inusa, ya durƙusa a rana, sannan tsohon ya yi magana.

"Ni ban hana ka gudu ba," ya ce. "Ban san abin da ke korar ka ba, kuma ba na so in sani. Amma in ka zo nan, ka zama mutum tukuna, sannan ka koma abin da kake."

Inusa ya yi alkawari a gaban dattawan cewa ba zai sake wuce shi ba.

Tun daga ranar haka yake yi. A tafiya da dawowa, in ya hango dogon yaron sai ya rage, ya tsaya, ya kwance igiyar takalmi, ya riƙe su a hannu, ya zo ya durƙusa, zufa na ɗiga a ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ina mutan gida? Ina yara? Ya kasuwa? An yi ruwa wajenku?"

Durƙuson tafiya da sauƙi. Na dawowa ne matsala. Wanda ya yi gudu mai nisa sannan ya durƙusa, jijiyar cinya da ta sha-raɓa takan ɗaure kamar an ja igiya. Sau da yawa Inusa yakan tashi daga gaban tsohon da ƙyar, ya daure har ya sha kwana inda ba za a gan shi ba, sannan ya zauna a gindin gawo yana murza ƙafa, ya ƙarasa gida da ɗingishi. Bai taɓa faɗa wa surukin ba. Ya ce ba maganar da ake yi wa suruki ba ce.

Ya yi maraton ɗinsa na farko a Legas, a kan titin nan da ya taɓa gudun tsira. Ya sake yi a can, ya yi wani a Kano. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki a waɗannan wurare shi ne mutum ya yi tafiyar nan duka bai haɗu da wanda ya wajaba ya gaisar ba. Lambobin yabon da aka rataya masa suna cikin kwanon Mas'uda a saman kabad. Malam Cha'ibu ya ji labari, ya ce a Legas kowa ma gudu yake yi.

Sai bara, bayan kaka, wata ƙungiyar matasa ta shirya maraton a nan gida. Za a tashi daga Matameye, a bi hanyar Tsauni, a kai inda aka kafa tuta, a juyo. Duk wanda ya san Inusa ya san abin da wannan ke nufi. Sa'adu ya same shi a rumfa.

"To, mai faci. Ko ka wuce tsoho ka rasa gidan surukai, ko ka durƙusa mu zo mu kwashe ka a amalanke. Wanne za mu shirya?"

"Shirya bakinka," in ji Inusa. Amma Mas'uda ta ce a makon nan tuwo ma kaɗan yake ci. Ta ce ta so ta je ta roƙi mahaifinta, Inusa ya hana ta. Ya ce shi ya yi alkawarin, ba ita ba.

Ranar gudun mutane sun cika bakin hanya, yawancinsu ba su taɓa ganin irin wannan ba. Akwai 'yan lakwal, akwai sojoji, akwai waɗanda suka zo daga Damagaram da takalma masu kyau. Inusa yana cikin manyan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da suka iso ƙauyen a tafiya, Malam Cha'ibu yana kan tabarmarsa, jama'a sun kewaye shi. Inusa ya fita daga layi, ya kwance takalmi, ya durƙusa, da lamba a ƙirji, masu gudu suna wucewa ta bayansa. Wasu suka yi dariya.

Waɗanda ke wurin sun ce tsohon ya yi gaisuwar kamar kullum, sai dai wannan karon ya daɗe yana kallon ƙafafun da ke gabansa, yatsu babu farce, diddige duk kanta. Sannan ya yi tambayar da bai taɓa yi ba.

"Wai har ina za ku?"

Inusa ya faɗa masa inda tutar take.

"Ku kwana can?"

"A'a, Baba. Mu juyo, mu koma Matameye kafin azahar, in Allah ya so."

Malam Cha'ibu ya san wannan hanyar. Yana saurayi ya sha bin ta da jaki, ya kai gero kasuwa, kuma yini guda take ci masa. Ya ce, "Tashi." Bayan Inusa ya tafi, sun ce tsohon ya mayar da ido kan hanya. Yana ta kallon masu wucewa, har da wata mata da ɗankwali a ɗaure, har da wani mai ƙafa ba takalmi.

Rana ta ɗaga sosai kafin Inusa ya dawo. Gishiri ya bushe masa a fuska, ƙafar hagu ta fara ja. Ya ce ya riga ya yanke shawara tun daga tuta: zai durƙusa, in bai tashi ba shi ke nan. Da ya hango dogon yaron ya fara ragewa. Sai ya ga tabarma babu kowa. Tsohon yana tsaye a bakin hanya, ya dogara da sanda, mutumin da in zai tashi sai an kama shi. Tun Inusa bai iso ba tsohon ya ɗaga murya.

"Baba ina wuni, lafiya lau. Ina gajiya? Kada ka ce babu, ina ganin ta. Mutan gida lafiya, yara lafiya. Na gaishe ka, na amsa maka. Kada ka taɓa takalmin nan. Wuce."

Inusa ya sunkuyar da kai, ya dafe ƙirji da hannun dama, bai tsaya ba. Ya ce daga nan zuwa Matameye bai san yadda ya yi ba, abin da ya sani kawai ƙafar ba ta ɗaure ba. Ya shigo gari, mutane da yawa sun riga shi, da yawa kuma suna bayansa, cikinsu har da samarin da ya haife su a shekaru. Sa'adu ne ya tare shi da ruwa a buta, kuma a ranar bai yi masa ba'a ba.

Ni mai ba da wannan labari na je na ga Malam Cha'ibu a ƙarƙashin dogon yaron. Bai yarda ya ce ya sauya ra'ayi ba. Ya ce har yanzu bai ga dalilin da zai sa magidanci ya yi gudu ba kowa a bayansa. Sannan ya nuna hanyar da sanda.

"Amma ni na bi ta. Na san tsawonta. Jakina ma sai da ya huta."

Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, Inusa da surukinsa. Abin ya zauna da kansa. Jiya da safe Inusa ya bi hanyar Tsauni. A tafiya ya tsaya, ya cire takalmi, ya durƙusa, aka tambaye shi yara da kasuwa. A dawowa tsohon ya ɗaga sanda, shi kuma ya dafe ƙirji ya wuce.