Kaskon Hajja Falmata da Wayar Asibiti

Cikin duk bukukuwan da na ɗauka a garin nan, akwai wata Asabar a nan Yerwa, wato Maiduguri, da ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yawan tambayata ko da gaske ne wayar hannu na rikita kyamara. To ku zauna ku ji, don ni ba a littafi na karanta amsar ba.

Lokacin ina aiki a shagon Oga Bukar a unguwar Hausari. Tsarinmu shi ne maza su ɗauki ɗaurin aure a waje, ni kuma in shiga cikin gida wurin mata, inda namiji ba ya sa ƙafa. Oga Bukar mutumin kirki ne, amma yana da doka guda: babu waya kusa da kyamara. Ya taɓa rasa hotunan wani biki, ya ɗora wa wayoyin 'yan biki laifi, kuma tun daga nan ba mai iya sauya masa ra'ayi.

Amaryar ranar sunanta Zara. Mahaifinta na kwance a wani asibiti a Kano, ciwo ya hana shi zuwa. Abu ɗaya ya roƙa: ya ga fuskar 'yarsa ya sa mata albarka kafin a kai ta gidan miji. Don haka yayarta Yagana ta kira shi ta bidiyo, ta ɗaga wayar gefen amarya tana riƙe.

Bayan la'asar aka zaunar da amarya domin nasihar manya. Na saita kyamara sai ta ƙi tsayawa. Kun san yadda take neman fuska da kanta don ta daidaita hoto. To ranar gilashin sai shiga yake yana fita, hoton ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa koko. Na kashe na kunna, bai sauya ba. Na buga wa Oga Bukar, wanda ke zaure tare da maza.

"Ai na sha gaya miki, Hauwa," in ji shi. "Wayoyin nan ne. Ki ce kowa ya kashe tasa yanzu."

"Har ta Yagana, Oga? Baban amarya ne a kai."

"Har ita. Ita ce ma ta fi kusa da ke."

Abin dariyar shi ne, yana wannan maganar wayata na manne da kunnena, kyamarar na ɗaya hannun. Amma ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci. Na dubi dattijon nan a fuskar waya, da robar ƙarin ruwa a hannunsa, na ji ba zan iya katse shi a kan zato ba.

Na ce da Oga kada ya kashe kiran. Na fito tsakar gida, na jingina wayata a jikin kyamara, na auna wata tsohuwa da ke tankaɗe. Hoto ya fito tas, har zanen da ke kumatunta. Na koma ɗaki, ya sake dushewa. A nan idona ya kai kan kasko. Kaskon turaren wuta ne babba, an ajiye shi daidai tsakanina da amarya, hayaƙi na tashi ba ƙaƙƙautawa. Mu da muka girma cikinsa ba ma ko ganinsa. Na duba gilashin kuma na tarar maiƙon turaren ya kwanta a kai.

Gano matsalar bai yi wuya ba. Wuyar ita ce mai kaskon, Hajja Falmata, gwaggon amarya, wadda ta haɗa turaren da hannunta tun ana saura watanni biki. Ka ce wa dattijuwar Yerwa ta ɗauke turarenta daga gaban amarya, ka nemi rigima ke nan. Na durƙusa gefenta, na gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, Hajja. Don Allah ki ɗan duba wayar nan, ki ga ko Baba yana ganin Zara sosai."

Ta harare ni, sannan ta karɓi wayar. Ga ƙaninta yana ƙanƙance ido yana matso da fuska.

"Modu, kana ganinta?"

"Ina jin muryoyinku, Yaya," ya ce a hankali. "Amma fuskar kamar cikin hazo take."

Hajja ta miƙa wa Yagana wayar. Ta naɗe gefen lafayarta ta ɗauki kaskon da kanta, ta kai shi bayan ƙofa, ta sa aka ɗage labule. Na goge gilashi da ƙyallen da muke ajiyewa don haka. Abu ɗaya na roƙi Yagana, ta ɗan matsar da wayar daga igiyar makirufo, domin a can ne waya ke iya yin ɓarna. In kira ya shigo tana kusa da igiyar, za ku iya jin wani ƙara a cikin sauti. Hoto kuwa ban taɓa ganin ta taɓa shi ba.

Dattijon ya ga 'yarsa. Ya kira sunanta, ya sa mata albarka da Kanuri, muryarsa na rawa. Ni kuma na ci gaba da ɗauka.

Da na kai aikin shago, Oga Bukar ya kalla har ƙarshe, ya ce, "To, wannan karon turare ne." Dokarsa dai ba ta sauya ba, ni ma ban matsa masa ba.

Baba Modu bai dawo Maiduguri ba, a can Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai Hajja Falmata ta zo shagon da kanta, ta ce in sa mata wurin da ƙaninta ke magana. Ta saurara, ta ce in mayar, ta sake saurara.

Don haka in kyamara ta ba ku matsala, ku gwada kafin ku kama mai laifi, ku fara da abin da ke gaban gilashinku. Kuma kafin ku ce wa wani ya kashe wayarsa, ku tambayi wanda ke kan layin.