Goron da Mai Waina Ta Mayar

Shekarar da muka kafa ƙungiyar matan unguwa a Wunti, cikin garin Bauchi, ni aka riƙa turawa gaba, don an san bakina. Tela ce ni, kuma duk wadda ta taɓa kawo mini ɗinki ta san ba na iya haɗiye magana. Mukan shiga gidan suna, mu shiga Islamiyya, ranar Lahadi kuma 'yan'uwanmu Kirista su tsayar da mata bayan an tashi coci. Maganar dai ɗaya ce: in an taɓa miki yarinya, kada ki rufe, ki faɗa. Mata su yi ta gyaɗa kai suna Allah ya kiyaye, a ci shinkafa a watse. Sau da yawa nakan dawo gida da haushi, ina ganin kamar ruwa nake zubawa a kwando.

Cikin masu gyaɗa kan nan akwai maƙwabciyata mai waina, mutuniyar wajen Bogoro. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, suna haya a ɗaki guda a gidan wani dattijo da duk layin ke kira Baba. Mace ce mai ladabin da har yakan ishe ni. Ko kai ka taka mata ƙafa, ita za ta ba ka haƙuri. 'Yar tata, wadda ba ta wuce shekara sha uku ba, ita ke kai wa masu shaguna waina kafin ta wuce makaranta.

Wata safiya uwar ta faɗo shagona ko gaisuwa babu. Ta ce wani mai shago a bakin titi ya ja yarinyar ciki ya rufe ƙofa. Sauran ba zan maimaita ba. Muka kai yarinyar asibiti, muka sanar da shugabar ƙungiya, aka tsayar da cewa washegari za mu je wajen 'yan sanda. Uwar ta ce ta yarda, kuma na ga a idonta da gaske take.

To, mai shagon nan ɗan ƙanen Baba mai gida ne. Bayan la'asar ina zaune tare da uwar sai ga Baba da wasu dattawa biyu sun yi sallama. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Yarinyar tana cikin ɗaki, labule kaɗai ne tsakaninmu da ita.

Baba ya dubi uwar ya ce, "Ke 'yata ce, kin san yadda na riƙe ki a gidan nan. Yaron nan ya yi ba daidai ba, sharrin Shaiɗan ne, kuma mun yi masa faɗa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A rufa asiri. In zancen ya fita, gobe wa zai auri yarinyar?"

Na ce, "Baba, asirin wa za a rufa, nata ko nasa?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya daka mini tsawa: "Ke, ba da ke ake ba!"

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da goro ƙunshe a ganye, ya miƙa wa uwar. A wajenmu in ka karɓi goron sulhu, magana ta mutu ke nan. Ita ma ta sani, don ta daɗe a Bauchi. Amma ga hannun babba a miƙe, kuma tun tana ƙarama aka koya mata ba a barin hannun babba yana jira. Kafin tunani ya zo mata ta riga ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta karɓa, har da "na gode, Baba". Dattawa suka ce alhamdu lillahi, suka shafa addu'a, suka fice.

Na cika na batse. Na buɗe baki ke nan zan zazzage mata abin da ke cikina, sai labule ya motsa. Yarinyar ta leƙo. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Mama, kin karɓa?"

Uwar ta dubi ƙunshin da ke hannunta kamar yanzu ta fara ganinsa. Nan fushina ya mutu, tausayin su biyun ya kama ni. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta fita ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Na bi ta.

Baba yana ƙofar gida a kan dakali, majalisa ta cika ana jiran magariba. Ta durƙusa a gabansa, ta ajiye goron a gefen ƙafarsa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ga goronka, ban ci ba. Ba ni aka yi wa ba, ba ni da ikon yafewa. Gobe za mu je inda muka ce."

Baba ya dube ta ya ce, "Kin san a gidan wa kike?"

"Na sani, Baba."

"To, ƙarshen wata ki nemi wani wuri."

Ta ce, "To, Baba."

Ta miƙe, na riƙe mata hannu muka juya. A bakin zaure muka tarar da yarinyar a tsaye, ita da tun safe ta ƙi yarda kowa ya ga fuskarta. Silifas ɗin uwarta ne a hannunta. A gaban mazan nan duka ta sunkuya ta ajiye mata su a gaban ƙafa, ta ce, "Mama, sa takalminki."