Ranar da Motar Oga Ta Ba da Shaida

A fom tiri na bar makaranta. Malamai ba su yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na koyi tuƙi a tashar Kafanchan, har na samu aikin direba wajen wani ɗan kasuwar citta. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar famfo, sai dai a Hausar tasa komai namiji ne, har matarsa.

A farkon shekarun casa'in ya sayo wata mota Beljiyam, 'yar gwanjon Turai, daga Legas. A saman injinta akwai wani ƙarfe da bel ke juyawa, yana ɗura wa injin iska. Ka taka totur sai ya yi fito, motar ta zabura kamar an mintsine ta. Sau biyu a sati nake zuwa Kachia da ita, in kai buhunan wofi wa masu saya wa oga citta, in dawo kafin biyar.

Wata biyu muna zaman lafiya, sai ta fara iskanci. Ina cikin tafiya, wata 'yar wuta ruwan lemo ta kama a dashbod, ƙarfi ya gudu, fito ya mutu. Har mai keke da buhun gawayi ya taɓa wuce ni yana yi mini sannu. Sai na faka, na kashe, na jira ta huce. In na tayar, wutar ta ɓace, kamar ba ita ba. Amma in oga na ciki, tsit take tafiya kamar 'yar kwaya ranar Lahadi.

Makanikinmu ya buɗe bonet yana neman kabureta, bai gani ba, ya canja filogi don kada a ce bai yi komai ba. Ni kuwa kullum sai latti.

Wata Talata oga ya tare ni a bakin get.

"Kai, direba, motan nan lafiyanshi ƙalau. Kabu-kabu kake yi da shi."

"Oga, wallahi ko akuya ban ɗauka ba."

"Asabar. Ko ka nuna mini ciwon da idona, ko ka ba ni kin motan. Ƙanen madam yana zaune a gida yana cinye mini shinkafa, kuma yana da lasin."

Na san ƙanen madam. Ribas ma sai an tsaya masa a baya ana ihu. Amma shi ɗan gida ne, ni ɗan tasha.

Washegari na kai motar wajen wani tsohon riwaya, mai gyaran wayar mota, a bayan kasuwa, wanda ya yi aikin lantarki a reluwe har ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa yi.

"Ɗana, irin wannan mota tana da kwamfuta. In abu ya dame ta, tana riƙewa a kai."

Ya lanƙwasa 'yar waya, ya cusa a ramuka biyu na wani soket a ƙarƙashin sitiyari, ya murɗa ki. Ya ce wutar za ta yi ƙyafce, mu ƙirga, lambar ita ce sunan ciwon. Wutar ta yi ta ƙyaftawa bai ɗaya, ba tsayawa.

"Ta ce ba abin da ke damunta."

"Baba, har kai za ta yi wa ƙarya?"

Bai kula ni ba. Ya zagaya ya taɓa kan batir, abin ya juya a hannunsa ba sifana.

"Wa ke wasa da wannan?"

"Oga. Kullum da yamma yana cirewa."

A unguwarmu haka duk mai mota ke yi: a cire kan batir kafin a shiga gida, kada wuta ta tsiyaye, kada ɓarawo ya tayar. Baba ya yi dariya har da tari.

"To ai kullum kuna goge mata allo. Ta rubuta da rana, ku share da yamma. Bar batir a haɗe bayan ta yi ciwon, sannan ka kawo ta."

Na kai wa oga wannan magana. Ya dube ni sama da ƙasa.

"In bar batir a ciki? Kai da ɓarayin kun gama mitin ke nan?"

Saura tafiya ɗaya, ta Jumma'a. Ranar ce na fara roƙon Allah mota ta lalace. Zuwa Kachia, lafiya lau. Dawowa, har na wuce Zonkwa tana fito abinta. Na ce yau ni da ke ne. Duk ramin da na saba kaucewa, na bi ta tsakiyarsa. A na huɗu ko na biyar, wutar ta kama. Na kusa sumbatar dashbod.

Ban nufi gida ba. Na lallaɓa ta kai tsaye rumfar Baba, na tura mai acaɓa ya ɗauko oga. Ya iso da singileti da silifas, ko sauka bai gama yi ba ya miƙo hannu.

"Ki."

"Oga, minti biyar."

Baba ya ce, "Maigida, zo ka ƙirga da kanka, kada a ce mun haɗa baki."

Oga ya cusa kai ta taga. Waya ta shiga soket. Wutar ta ƙyafta, ta tsaya, ta sake. Ni tun a uku na rikice, oga kuwa yana ƙirgawa da Ibo da ƙarfi.

"Biyu, sannan huɗu," in ji shi, muryarsa ta ɗan sauka.

Baba ya jawo wani tsohon littafin rubutu inda ya kwafe lambobin da hannu, ya bi da yatsa. Abin da ke auna iska ne, can bayan ƙarfen mai fito. Ya tayar da mota, ya zura hannu ya bi wayar abin awon. A wani lungu ta goge da ƙarfe, jan ƙarfenta a waje. In an faɗa rami sai ta taɓa jikin mota. Ya kaɗa ta da yatsa, injin ya shaƙe, wutar ta kama.

"Matsa," in ji oga. Ya kaɗa da kansa. Injin ya shaƙe. Ya sake. Sai da ya yi sau uku, kamar wayar za ta canja magana.

Baba ya naɗe ta da tef, ya ɗaure ta nesa da ƙarfen. Aikin bai kai shan kofin kunu ba.

Na zare ki na miƙa wa oga da hannu biyu, fuskata kamar ta mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya dubi kin, ya dube ni, ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

"Kai ma da laifinka. Me ya sa ba ka gaya mini motan ba ya da lafiya ba?"

"Mantuwa ce, oga."

"To tuƙa mu je gida. Litinin ƙarfe shida, Kachia."