Numfashin Kamyon Alhaji

Abin da ya ƙi fita raina shi ne hantsin da na fara jin ɗis, ɗis a kan farantin silba. Ina sharar zaure a gidanmu na Bande, maigidana ya dawo daga kasuwar Sassumbrum ya kashe kamyo, wato babbar motar da yake tuƙawa, a ƙofar gida, unguwa ta yi tsit. Da na leƙa, sai ga farantin wasan ƴata Nana a ƙarƙashin motar, baƙin mai na sauka a kansa daga bakin wani bututun roba.

Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma matar direba ma'aikaciyar mota ce da ba a biya. Ni ke cika bidon ruwa, ni ke ɗaure guzuri, ni ke fama da rigunan da mai ya ɓata. Don haka ku amaren direbobi, da ku da kuka karɓi parmi, wato lasisin tuƙi, kwanan nan, ga abin da na gani.

Kamyon na wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi a Magarya. Tsarin aikin shi ne Alhaji ke sayen gazuwal, wato dizal, da man inji, Malam, wato maigidana, shi ke tuƙi, shi kuma ke amsa tambaya in wani abu ya ƙare kafin lokacinsa. A kakar nan man inji ya fara ƙarewa da wuri. Malam ya kai motar garajin Lawali bakanike, ya dawo ya yi mini bayani muna cin tuwo. Ya ce a saman inji akwai murfi mai rufe ƙarafan da ke buɗa iska da rufewa, a jikin murfin kuma wannan bututun yake, ta nan inji ke numfashi. Sabon inji tururi kawai yake fitarwa. Wanda cikinsa ya cinye, iskar wuta na zurarewa ta gangara inda mai yake, ta huro shi waje. Abin da nake gani a faranti saura ne, mai yawan yana zuba a hanya. Lawali ya ce maganin ɗaya ne, a buɗe inji a sake zobban cikinsa da suka cinye, ya ƙara da cewa motar ta girmi auren Malam, tari kuwa haƙƙin tsoho ne. Alhaji ya ce a bari sai an gama kwasar wake.

Ganin mai na ɓata ƙofar gida, sai na ajiye tsohon gwangwani a wurin. Ku kun san darajar baƙin mai a garinmu. Iya Tabawa maƙwabciyata ta roƙi kaɗan ta shafa wa azarar ɗakinta saboda gara. Wata ta karɓa don ƙyauren katako, wani don ƙafar amalanke, mai kawo mana nono ta ɗiba don gyambon jakinta. Ban hana kowa ba, na ɗauke shi sadaka. Iya Tabawa har tsokanata take, wai Allah ya ja kwanan tarin motar nan, garar unguwa ta yi hijira.

Wata safiya Alhaji ya biyo ta Bande. Ya sauka daga ƙaramar motarsa ya tsaya yana kallon layinmu, ƙofa bayan ƙofa, duk gindinsu baƙi ƙirin. Ina bayan ƙyaure na ji gaisuwarsu, gajera. Sannan ya ce, "Ashe unguwa guda nake yi wa juyen mai ban sani ba." Malam ya ce ranka ya daɗe, ɗigo ne, a tambayi Lawali. Alhaji ya ce shi bai san ɗigon da ke fentin gari ba, kuma in bidon man injin da ya bayar bai kai ƙarshen wata ba, a ajiye masa makullinsa.

Malam mutum ne da ko hatsin da ya zube a bayan mota sai ya share ya mayar buhu. Ranar bai ci abinci ba. Da la'asar na same shi a zaure yana fiƙe guntun icen aduwa da wuƙa, ga yankin robar cikin taya a gefensa. Na yi kwalej, kuma na riƙe bayanin da ya yi mini da bakinsa. Na ce, "Malam, ba kai ka ce ta nan take numfashi ba?"

Ya ce, "Na sani. Zuwa ƙarshen wata ne kawai. Ki bar ni in wanke sunana."

Na ce mu je da Lawali wurin Alhaji. Ya ce ai yanzu Alhaji gani zai yi sun haɗa baki. Ya cusa icen a bututun, ya naɗe da roba tamau. Na koma ɗaki na yi ta addu'a, don ba abin da ya rage mini sai ita.

Tafiyar farko lafiya lau, ƙarƙashin mota a bushe, har ya dawo da fara'a. Ta biyu aka aike shi Dogo-Dogo ɗaukar wake, lodi ya wuce kima, hanyar kuma rairayi ce, inji na gurnani ba hutu. Iskar da aka hana fita ta nemi hanya da kanta. Ta ɓalle robar da ke tsakanin murfin da kan inji, ta ɓalle wata a ƙasa, mai ya yi ta tsiyaya cikin yashi. Agogon mai ya daɗe da mutuwa, don haka ba abin da ya gargaɗe shi sai ƙauri. Kafin ya tsaya inji ya buga, ya ƙame, kafin a kai Dungas.

Da aka jawo motar, Lawali ya zaro icen a gaban Alhaji. Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya nuna cikin injin, ya ce wannan shaida ce man ba sayar da shi aka yi ba, motar ce ke huro shi waje. Alhaji ya ce ya yarda ba sata, amma shi inji ya ba mutum, ice aka maido masa. Ya karɓi makulli. Labari ya zaga tashoshi, direban da ya toshe hancin mota. Duk mai motar da Malam ya je wurinsa sai ya tarar labarin ya riga shi.

Abin da na fahimta a wannan sana'a, direban motar wani yana ɗauke da laifin tsufan ƙarfen da ba nasa ba. Mai mota kan gaskata idonsa kafin bakin bakanike, mutumin kirki kuma in aka kira shi ɓarawo yana iya aikata abin da ya san kuskure ne. In motarku ta fara zubar da mai, ku kai mai ita garaji ya gani da idonsa tun ranar farko, komin ɓacin ransa.

Bayan ƙaramar salla Malam ya haɗa jakarsa ya yi arewa, wai ana neman masu tuƙi a wuraren haƙar zinariya. Waya ba ta cika shiga ba. Ranar kasuwar da ta wuce wani kamyo ya biyo layinmu, Nana ta yar da tsintsiya ta ruga zaure. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta zauna a gefen tabarmar sallata, ta jira na shafa addu'a, sannan ta ce, "Inna, in na ji ƙarar mota, in daina fita ko?"