Kwanon da bai isa hannun mai shi ba

Shekarun baya, lokacin da ake tsakiyar aikin faɗaɗa Harami, duk inda ka ɗaga kai sai ƙarafunan gini, ina tuƙa wa wani ƙaramin otel mota a unguwar Jarwal. Aikina ɗauko baƙi daga Jidda, kai su ziyara, da duk aiken da manaja ya ga damar ɗora mini. A Makka aka haife ni, a Utaibiyya muke zaune da mahaifiyata, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. A ganina ba lungun da ban sani ba, ba kuma alhajin da zai zo mini da labarin da ban taɓa ji ba.

Ana saura kwanaki a fita Mina aka sauke mana ayarin alhazai daga Fakistan. Cikinsu akwai wani tsoho a keken guragu, siriri, gemunsa ja wur da lalle. Ya yi shekara da shekaru yana aiki a jiragen ruwan dakon kaya masu tsayawa a Jidda, don haka yana da ɗan Larabcinsa na cefane, da shi muke magana. Ba ɗa ba jika tare da shi. 'Yan ayarin ne ke tura shi masallaci in sun tuna.

Ranar Litinin da hantsi ya tare ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini wata takarda da ta sha ninki. Lambar wani gini ce a Aziziyya, inda ake sauke alhazan Indiya.

"Ya waladi, ɗana, ƙanwata tana nan. Ka kai ni."

To, duk Bahaushen da ya tashi a Makka ya san irin wannan takarda. Tun ina yaro, kowace shekara alhazan gida ke zuwa mana da ita: a kai ni wurin ƙanwata, a kai ni wurin baffana. Ka ƙona rabin yini a hanya, ka je ka tarar ƙanwar 'yar maƙwabcin kishiyar kakarsa ce, kuma saƙon yaji da daddawa ne. Ina ganin takardar tsohon nan na sa shi a wannan layi.

Na ce, "Bukra, ya Hajji, gobe in sha Allah. Yau hanya a cushe take."

Ya ce ya gwada tsayar da tasi, da sun ga keken sai su wuce. Ƙanwar kuma ta ce masa a waya gajiyar tafiya ta hana ta fitowa Harami. Sai na yi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Ina dariya na ce, "Kada ka damu, Baba. In ma ba ku haɗu a nan ba, ai kwa haɗu a gida."

Ni fa da gaske nake. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, mahaifina Bakatsine. Iyakar da na sani ita ce wadda ake tsallakawa a kan babur a je biki a dawo da yamma. Na ɗauka duk layin da Bature ya ja a duniya haka yake. Tsohon ya dube ni, ya ninke takardarsa ya mayar aljihu.

Talata na wuni a filin jirgin Jidda ina jiran baƙin da jirginsu ya makara. Laraba kuma abokin aikina ya fita da motar. Da na ga tsohon a inda na bar shi, a bakin ƙofa, sai na ji nauyi. Na ce bari in tura shi Harami sallar la'asar, ko na rage laifi. A hanya ya ce mini tun jiya yake kiran wayarta ba a ɗauka. Na ce ƙila caji ne. Muka samu inuwa muka zauna jiran kiran salla, a nan ya ba ni labarin.

Ya ce mahaifinsa kuku ne a jiragen ruwan yaƙin Ingila lokacin babban yaƙin duniya. Babban kwamandansu wani Bature ne dogo, ɗan'uwan sarkin Ingila na jini, wanda aka taɓa nutsar da jirginsa yana ciki ya fita da rai. Mahaifin yana ƙaunar mutumin nan har ya yanko hotonsa a jarida ya liƙa a bangon ɗaki. Da aka ce shi aka turo ya zama gwamnan Indiya na ƙarshe, ya miƙa mulki, sai mahaifin ya ce wa mutanen ƙauye su kwantar da hankali, ya san mutumin, ba ya barin nasa a ruwa.

"Ba shi ya ja layin da ya raba Indiya da Fakistan da hannunsa ba," in ji tsohon. "Amma shi ya ce a yi sauri. Aikin da aka ba shi wa'adi mai tsawo, ya matso da shi kusa, kamar mai gudun kada jirgi ya tashi ya bar shi. Muka kwana a garinmu, muka tashi aka ce ba ƙasarmu ba ce."

Yana da shekara takwas, ƙanwarsa huɗu. Ranar da aka fara ƙone-ƙone tana gidan gwaggonsu a wani ƙauye, an kai ta kwana biyu. Babu halin komawa a ɗauko ta. Mahaifin ya ce a tafi, in ƙura ta lafa zai dawo, ai sati biyu ne. A jirgin ƙasan da suka shiga aka kashe shi, kafin su kai iyaka. Tsohon bai faɗa mini yadda aka yi ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya buɗe jakar da ke rataye a keken ya fito da wani ɗan kwanon tagulla, bai fi tafin hannuna ba. Ya ce a ciki ƙanwar take cin abinci. Mahaifiyarsu ta bar komai a gidan, amma ta ɗauko shi. Ta rayu shekara talatin bayan haka, kullum sai ta wanke shi tare da sauran kwanuka.

Jikoki ne suka gano juna ta intanet. Ya nemi biza ya je Indiya, aka hana shi, ita ma ta nema aka hana ta. Sai suka yi shawara kowa ya biya Hajji a shekara ɗaya, tunda nan ne kawai ba mai tambayar su daga wane ɓangaren layi suka fito. Shekara sittin da wani abu rabon da ya ga fuskarta.

Na tambaye shi ko ya tsani Baturen. Ya ce suna tsakiyar teku ya ji a rediyo bam ya tashi a ɗan jirgin kamun kifin Baturen, ya mutu yana tsoho. Ya ɗauka zai ji daɗi, sai aka ce har da yara a cikin jirgin. "Ban ji komai ba sai gajiya," in ji shi.

Aka yi salla. Bayan sallama ladan ya yi sanarwar da ake yi kusan bayan kowace salla a Harami, cewa a tsaya a sallaci mamata. Mu 'yan gari sau da yawa a lokacin muke sulalewa kafin cunkoso. Har na kama keken zan juya, tsohon ya riƙe hannuna ya ce mu tsaya, baƙin Allah ne. Muka yi kabbara huɗu, shi a zaune, ni a tsaye a bayansa.

Da magariba na ba mahaifiyata labarin. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Tun yaushe ya ba ka takardar?"

"Shekaranjiya, Umma."

"Haram alaik! Mutum ya jira shekara sittin, kai ka ƙara masa kwana uku? Wallahi gobe in ka karya kumallo kafin ka kai shi, ban yafe ba."

Alhamis ana idar da asuba na sa shi a mota. Ya sa farar riga sabuwa, ya shafa turare, kwanon yana kan cinyarsa. Tafiyar da na yi ta ja wa rai ba ta kai minti ashirin da biyar ba.

A hawa na huɗu wani mutum mai furfura ya buɗe mana ƙofa, idonsa jawur. Ɗanta ne. Yana ganin tsohon ya durƙusa ya kama ƙafafunsa, suka yi ta magana da yarensu, ni ina tsaye kamar gunki. Wani ma'aikacin ginin ne ya fassara mini. Ba gajiya ba ce, ciwon zuciya ne, ta ɓoye don kada hankalin yayanta ya tashi. Litinin ta wuni a zaune a bakin taga da sabon mayafinta. Talata da rana aka kai ta asibiti, da yamma ta cika. Wayarta, mai lambar tsohon, tana ɗaki, ɗan kuma yana can tsakanin asibiti da ofisoshin takardu. Jiya bayan la'asar aka sallace ta a Harami.

Tsohon ya juyo gare ni. Na shirya jin duk abin da zai faɗa, don na cancanta. Sai ya ce, "Jiya da la'asar. Mun tsaya ko?"

"Mun tsaya, Baba."

"To na sallace ta." Ya maimaita sau biyu, sannan ya rufe fuska da hannuwansa.

Na kai su maƙabarta a bayan gari. Kaburburan Makka ba suna, duwatsu ne kawai a jere, sai da ɗan ya yi ta ƙirga layi kafin ya nuna wani wuri, shi ma ba da tabbas ba. Tsohon ya zuba ruwan zamzam a kwanon, ya yayyafa a kan ƙasar, ya goge kwanon da bakin rigarsa ya miƙa wa ɗan. A hanyar dawowa na ce ya yafe mini. Ya ce ajali ne, ya dafa kafaɗata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi Hajjinsa, ni na tura shi har ɗawafin bankwana, ya koma, ban sake jin labarinsa ba.

Daga baya na nemi tarihin Baturen na karanta. An yi masa jana'iza ta sarauta, an sa wa tituna da makarantu sunansa, har yau masana na gardama a kan ko laifinsa ne ko abin ya fi ƙarfin kowa. Ni ba ni da ilimin shiga wannan gardama. Abin da na sani shi ne ya raba wasu yara biyu da gaggawarsa, suka yi haƙurin shekara sittin suka kawo kansu gari ɗaya, saura tafiyar minti ashirin da biyar, kuma makullin motar yana aljihuna.

Na san ajali ba ya hannuna. Amma ranar Litinin tana hannuna, kuma wannan ba ya barina. Yanzu duk alhajin da ya miƙo mini takarda, sai na tambaye shi yaushe rabonsa da mutumin. In kuma ladan ya ce a sallaci mamata, ko me nake sauri ina tsayawa, don ban san ƙanwar wa aka kawo ba.