Kwamfutar Yaya a Cikin Kayan Gado

Yayana ne ya kawo maganar, ni kuwa na ce masa shirme ne. Magidanci da mata da 'ya'ya biyu, ga shagon buga takardu a Daura, ya zauna yana jera tubali a kwamfuta kamar ɗan firamare! Wasa ne da ake ba ka fili fetal, ka haƙa, ka gina, ka yi noma, kuma mutane da yawa na iya shiga duniya ɗaya, kowa daga inda yake. Ya ce shi ba ya son shiga duniyar wasu, tasa yake so a kan kwamfutarsa, mu uku kawai: shi, da ni da nake koyarwa a Katsina, da amininsa na ƙuruciya, ɗan kabilar Ibo da aka haifa a unguwarmu, wanda a lokacin ya koma kudu da zama. Na ce to me za mu gina? Ya ce gidan kakanmu na garin Babban Mutum. Nan take na yarda.

A gidan nan muke hutun makaranta, har aminin nasa muna tafiya da shi. Wata damina ta kayar da rabinsa, magada suka sayar da filin, yanzu shagunan bulo ne a wurin. Ko hoto ɗaya ba mu da shi.

Wahalar da muka sha kafin abin ya tashi, Allah kaɗai ya sani. Yaya ya ware wata tsohuwar kwamfutar tebur a ƙuryar shago, ita ce saba, wato ita ke riƙe da duniyar, mu kuma mu shigo daga nesa. Da an ɗauke wuta sai ta mutu da mu a ciki, dole ya haɗa ta da batirin sola. Sannan rawuta, na'urar intanet da ke aiki da layin waya, ta ƙi barin kowa ya shigo daga waje, sai da aminin ya nemo wata manhaja da ke buɗa mana hanya ta bayan fage. Muka shiga, sai muka tarar wasan bai san ƙasarmu ba: babu jar laka, babu azara, babu gero. Aka koma neman mod, ƙananan ƙari da ake ɗora wa wasan. Su kuma shegen taurin kai gare su, in naka ya bambanta da na saba ko da ɗigo ne, a ƙofa za a tsayar da kai. Sau nawa na kira Yaya ina masifa, shi kuma yana dariya yana cewa, "Malam, ɗaliban naka haka kake musu?" Geron ma ba mu samu ba, wata shuka ya ɗauko ya zauna ya sake mata zane da hannunsa har ta fitar da zangarniya.

Daga baya ni da nake cewa shirme na fi kowa zumuɗi. Bayan la'asar, in shago ya yi sauƙi, sai mu hallara. Muka tayar da zaure, da ɗakin kaka, da rumbuna, da turken awaki. Aminin ya tuna wani lungu da muke ɓoye gyaɗar sata, wanda mu jikokin gidan muka manta. Rijiya ce ta haɗa mu faɗa. Na rantse tana yamma da ɗurumi, Yaya ya kafe a gabas take, ya haƙa abarsa a can don saba tasa ce. Ranar da muka yi wasan ƙarshe ya shuka gero a bayan rumbu, ya kai gwiwa, ya ce kada wanda ya girbe masa.

A satin nan mota ta buge shi a kan babur a hanyar Zango. Kafin in iso daga Katsina har an yi masa wanka. Ba zan iya ba da labarin wannan ranar ba, har yau.

Bayan an share makoki, Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya sa aka kwashe kayan shago kaf aka zuba a wani ɗaki a gidansa, ya sa kwaɗo. Haka ake yi, kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Yaya kuwa ya bar ɗa namiji a goye, don haka ni ko allura ba ni da ita a ciki. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na ji Baffa na cewa za a sayar da na'urorin a saya wa marayu dabbobi. Na san abin da mai saye zai fara yi: ya goge komai ya sa sabo. Gidan kuma babu shi a ko'ina sai cikin wannan kwamfutar.

Na sami Baffa a zaure da filas, 'yar na'urar kwafe bayanan kwamfuta, a aljihuna, na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, alfarma nake nema. A kunna mini kwamfutar nan in kwafi wani abu, ba zan rage komai ba."

"Wane abu?"

"Gidan kaka ne muka gina a ciki, ni da marigayi."

Ya dube ni kamar na sha wani abu. Na yi bayani iya iyawata, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To tsaya in tambaye ka. Abin nan dukiya ne?"

Na ce a'a, wasa ne.

"In wasa ne, a kan wasa zan buɗe ɗakin marayu? In kuma dukiya ne, nasu ne, ba naka ba. Wanne ka zaɓa?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce kwafi ba ya rage asali, kamar ka kunna fitilarka a jikin ta maƙwabci ne. Ya ce ko fitilar maraya ce sai da izini, kuma mai ba da izinin yana goye a bayan uwarsa. Muryata ta fara tashi, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, ɗan nan, ni za a tambaya gobe kiyama, ba kai ba." Na fita ina huci. Abin haushin, ba mugunta yake yi ba, tsoron Allah ne, kuma na san haka. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Watannin nan na sha baƙin ciki. Damina ta sauka, ni kuwa na san ɗakin nan yana yoyo ta kusurwar arewa. Duk hadarin da ya haɗu a Katsina sai in tuna da kwamfutar. Aminin ya riƙa kirana daga kudu da Hausarsa ta Daura tsantsa, yana cewa in gaya wa Baffa shi zai saya. Baffa ya ce ba a ciniki kafin rabo. Na buɗe wasan a kwamfutata ba sau ɗaya ba, ina kallon sunan sabar da jan rubutu a gefensa, wai ba a same ta ba.

Matar Yaya tana takaba, gaisuwa kawai ke haɗa mu, daga bakin ƙofa. Ban taɓa kai mata maganar ba, don na san ba ta ƙaunar wasan nan, kullum cewa take ya hana mijinta dawowa cin tuwo da zafinsa. Ranar rabo sai ga saƙonta ta bakin wanta: a sa mata tsohuwar kwamfutar a cikin tumuninta. Baffa ya aika a gaya mata akwai injin hoto mai amfani, me za ta yi da tarkace? Ta ce ita dai wannan take so.

Da ta fita takaba ta aiko aka kira ni. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kwamfutar na kai, ta goge mata ƙura. Ta ce, "Ga abin naku nan. Ni ban san yadda ake yi ba." Na haɗa wayoyi. Fankar cikinta ta yi ƙara kamar ba za ta tashi ba, sannan ta tashi. Na fara kwafe komai a filas kafin in yi numfashi mai kyau, sannan na shiga da tawa kwamfutar.

Komai na nan. Ga zaure, ga rumbuna, ga rijiya a gabas da ɗurumi, inda ba nan take ba. Ban taɓa ta ba. Geron yana nan iya gwiwa, domin lokaci ba ya tafiya a ciki sai saba na kunne.

'Yar Yaya, wadda ba ta daɗe da shiga makarantar allo ba, ta zo ta jingina da kafaɗata. Ta saba zama a cinyarsa a shago tana kallon ɗan mutum-mutuminsa mai shuɗiyar riga yana yawo a gidan.

"Baba Ƙarami, wannan kai ne. Ina Abba?"

Wanda bai shigo ba, ba a ganinsa a wasan. Ta sa ni na duba ɗakin kaka, na duba zaure, na zagaya bayan rumbu. Uwarta ta tashi ta shige ɗaki.

"Bai shigo ba tukuna," in ji ta. "Kada ka kashe, mu jira shi."

Ban kashe ba. Muna zaune a kan tabarmar, geron ya ci gaba da tsawo a gabanmu har ya fitar da kai, ya nuna. Ta ce in girbe, na ce Abba ya ce kada wanda ya taɓa masa.