Hanyar Goruba Uku

Baba Yunusa ƙanen mahaifina ne. A Dagona, duk wanda ya ce yana son shiga ruwa ya zaga tsibirai, ƙofar gidansa ake nuna masa. Ni a Gashuwa nake aiki, a wani shagon buga takardu kusa da tasha, amma a hannunsa na tashi. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni labari muna zaune a gindin jirginsa.

Asalinsa masunci ne. Da kifi ya ja baya, sai ya lura mutane suna zuwa daga Kano da Abuja don kallon ruwa da tsuntsaye. Ya gyara kwale-kwalensa, ya kafa masa benci biyu, ya koma ɗaukar baƙi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu jirgi shi ne kowane baƙo da hanyar da yake tsara masa. Zai zaunar da mutum a tabarma ya yi ta tambayarsa.

"Me ka zo gani? Kana jure rana? Kana cin gasasshen kifi, ko cikinka na birni ne?"

Sai ya ɗebo ƙwallayen goruba ya jera a ƙasa, kowane ƙwallo tsibiri guda, ya riƙa jan layi da yatsa a tsakaninsu. Mai son tsuntsaye ya fara da shi ta tudun da dinya ke sauka. Mai son hira ya kai shi rugar Hamajoɗa, wani Bafulatani abokinsa, a dama masa fura da nono.

Akwai ƙwallo ɗaya da yake ajiyewa can nesa, a bakin tabarma. Wannan shi ne Goruba Uku, ƙaramin tsibiri mai gida bakwai. Kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, ta cinye mashigarsa, jirgi ba ya wucewa sai ruwa ya cika maƙil bayan damina. A jikin gorar da Baba yake tuƙi da ita akwai tsaga uku da ya yi da wuƙa. In ruwan bakin gari ya kai tsaga ta uku, hanya ta buɗe. Kwana ashirin take yi, wata shekarar ma ba ta kaiwa. Da ruwa ya ja, sai dai mutum ya kutsa taɓo na rabin yini.

A wannan tsibiri aka haifi matarsa, Iya Kellu, kuma ita ta koya masa hanyar tun suna da ƙuruciya. Yayarta Falmata tana can, ita kaɗai ta rage mata a 'yan ɗakinsu. Shekara tara ke nan gwiwoyin Iya suka lalace. Ba ta hawa babur, balle kutsa taɓo. In ba a jirgin mijinta ba, a cikin kwanakin nan ashirin, ba ta da yadda za ta ga 'yar'uwarta.

Su kuwa kwanakin nan su ne baƙi suka fi so, lokacin da bado ke rufe ruwa da fure. A gidanmu baƙo ake fara zuba wa abinci, na gida ya jira. Baba ya ɗauki wannan tarbiyya ya shigar da ita jirgi. Kowace shekara maganarsa ɗaya ce.

"Kellu, bari in sauke waɗannan. Ke ai ta gida ce."

"To, Malam," in ji ta. "Ta gida tana nan."

Kafin ya gama sauke waɗannan, wasu sun zo. Kafin ya gama da su, ruwa ya sauka daga tsaga ta uku.

Bara waccan wata baƙuwa mai suna Wasila ta shiga cikin gida gaida Iya bayan sun dawo daga ruwa. Tana ta nuna mata hotuna a waya cikin murna.

"Mama, duba wannan tsohuwar ta tsibirin ƙarshe. Wallahi ta burge ni. Kin ga yadda ta zauna da faifanta?"

Iya ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ta rame," ta miƙa mata. Baƙuwar ba ta san hoton Falmata ta nuna wa ƙanwarta ba. Baba yana tsaye a ƙofar zaure, ya ji komai.

Bana, tun damina ba ta ɗauke ba, sai ga shi a shagonmu a Gashuwa, aljihunsa cike da ƙwallayen goruba. Ya jera su a kan teburina.

"Mahfuz, buga mini takarda kamar yadda kake buga wa baƙi. Ka rubuta a sama: Tafiyar Kellu."

Ban taɓa ganin ya tsara wa wani hanya da irin wannan natsuwa ba. Kwana uku za a yi, a hankali, saboda gwiwoyinta. Zai yi wa jirgi rumfa da zana. Za a tsaya a tsibirin da take kai shinkafa tana yarinya, ta miƙe ƙafa. Za a kwana rugar Hamajoɗa, domin ta daɗe tana marmarin nonon da ba a sirka da ruwa ba. Rana ta uku da hantsi a isa Goruba Uku. Na buga, na sa masa a leda. Ya kai mata, aka karanta mata, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ta sayi zane da turaren wuta da goro ta ƙulle.

A nan nawa laifin ya shigo. Makon da ruwa ya kai tsaga ta uku, wata mota ta tsaya a ƙofar shagonmu. Mutum biyar ne daga Nguru suka biyo, suna tambayar wanda zai zaga da su tsibirai. Ina son su san Babana gwani ne, sai na buɗe musu Tafiyar Kellu a kwamfuta. Suka ce wannan suke so, ba ragi ba ƙari. Na kira shi.

"Baba, kwana uku ne kawai. Ruwa ai yanzu ya cika."

Ya ce, "Sun riga sun taso?"

"Ga su nan a gabana."

"To, baƙo ba a mayar da shi. Turo su."

Haka suka zauna a ƙarƙashin rumfar da aka yi wa Iya, suka sha nonon da aka yi mata alkawari. Da suka koma suka nuna wa abokansu hotuna, su ma suka zo. Sai da aka ci kwana goma sha huɗu.

Ranar da aka tashi da Iya na bi su, don in taya ɗaga ta. Baba ya tsoma gora a bakin gari, ya ciro. Ruwan ya bar tsaga ta uku da wajen yatsa huɗu. Babu sauran zancen kwana uku, dole a isa a ranar. Muka wuce tsibirin shinkafa ba mu tsaya ba. Da muka hango rugar Hamajoɗa, Iya ta zaro takardarta daga leda.

"Malam, a nan fa aka rubuta mini nono."

"A dawowa, Kellu."

"Mahfuz, ka ji ko? Baƙuwar da ba ta zo a mota ba, haka ake mata."

Ta yi dariya. Mu biyu ba wanda ya iya taya ta.

A mashigar Goruba Uku cikin jirgin ya kafe a taɓo. Muka sauka, ni ina turawa ta baya, Baba yana ja da igiya a kafaɗa, kacala tana yanka masa hannu. Dattijo ne mai shekara sittin da wani abu. Sau biyu yana faɗuwa, bai yarda mun huta ba. Sai bayan la'asar muka fita.

Zaituna, matar ɗan Falmata, ita ta tarye mu. Da ta ga Iya sai ta dafe ƙirji, ta ruga ciki. Muka iske Falmata zaune a ƙofar ɗakinta. Jin muryar Baba ya sa ta gyara ɗankwali, ta lalubo faifanta ta ɗora a cinya, ta miƙe wuya.

"Yunusa, baƙi ka kawo? To, su ɗauki hoton."

Muka zaunar da Iya kusa da ita. Ta kama hannunta, ta yi mata magana da harshensu, ta kira ta da sunan da suke kiranta a gida. Falmata ta saurara da ladabi, irin yadda ake sauraron baƙo.

"Sannu, baiwar Allah. Daga Dagona kuke? Ina da ƙanwa a can, Kellu. Mijinta ya ce zai kawo ta in ruwa ya cika."

Zaituna ta ce a hankali, tun bara hankalinta ke tafiya yana dawowa, amma tun zazzaɓin da ta yi ran Juma'a bai sake dawowa ba. Baba ya juya ya nufi bakin ruwa. Na bi shi. A can ya gaya mini cewa kwana goma sha biyu da suka wuce, da ya kawo mutanen da na turo, Falmata ta gane shi sarai. Ta riƙe masa riga ta ce, "Ina Kellu?" Ya ce mata tana tafe.

Da safe ruwa ya ƙara ja, Baba ya ce mu hanzarta. Iya tana zaune tana taje wa yayarta kai, ta ɗaura mata sabon zanen. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku tafi, Malam. Wataƙila wata safiyar ta waiwayo ta gan ni. In ruwa ya cika ka zo ka ɗauke ni."

Muka ja jirgin mu biyu, babu kowa a ƙarƙashin rumfar.

Yanzu wata huɗu ke nan. Baba shi kaɗai ne a gida, matar maƙwabci ke aiko masa tuwo. Ranar kasuwa yakan aika wa Iya gishiri da man zafi ta hannun masu kutsa taɓo, su dawo masa da labari iri ɗaya: Falmata tana ci tana sha, tana kiran Iya baiwar Allah. Ni na goge takardar daga kwamfuta. Shi kuwa in baƙo ya zo yana jera masa ƙwallaye yadda ya saba, amma na bakin tabarmar yana aljihunsa. In an tambaye shi ko akwai wani tsibiri gaba, sai ya ce akwai, amma an riga an kama wurin.